Hannun Baba da salulata

A Birni aka haife ni, a wani lungu da ba shi da nisa da fadar Sarkin Damagaram, cikin gidan dukawa. Kakana baduku ne, mahaifina ma baduku ne, tun ban san dama da hagu ba nake shaƙar ƙamshin fatar da aka jeme da bagaruwa a zaurenmu. Yau ƙamshi nake ce masa. Lokacin da nake lakkal kuwa, wato makarantar boko, da yara suka riƙa toshe hanci in na zauna kusa da su, na tsani abin har cikin raina, na yi wa kaina alkawarin ba zan taɓa riƙe basilla ba. Samari da yawa suna tare ni a fada, wato majalisar shayin samari, wasu su aiko da saƙo, tambayarsu ɗaya ce: yaya aka yi aka san ka a intanet? Nakan ce musu labarin ya fi ƙarfin saƙon murya. To, ga shi yau na zauna na rubuta.

Ina ƙarami, sana'ar Baba tana ciyar da gida har da rara. Ban da mahaya dawaki da ke kawo aiki gabanin kowace Sallah, da malaman allo masu sayen gafaka, akwai Turawa. Wanda ya biyo ta nan zai je Agadas sai ya kwana Damagaram, ya shiga Birni ya ɗauki hoton gidaje masu zane, ya fita da jaka ko takalmi ko matashin fata. Sai tawayen arewa na 2007 ya zo, aka sace Turawa a Arlit a 2010, a Janairun 2011 kuma Amurka ta kwashe 'yan sa-kanta da ke zaune a ƙauyukanmu. Kafin a ce me, hanya ta mutu. Jakunkunan roba da takalman kanti suka cika Kasuwar Dole. Da idona na ga Baba ya share mako uku a kan jaka ɗaya, ya rataye ta a zaure, ta zauna har ƙura ta sauya mata launi.

Ni kuwa boko na bi. Na samu bak, na shiga jami'ar garinmu wadda yanzu take ɗauke da sunan André Salifou, na fito da lisans a fannin labarin ƙasa a 2016. Na kai takardu ma'aikatu har takalmina ya cinye, shiru kake ji. Sai zaman fada: shayi na ɗaya, na biyu, na uku, dare ya raba. A shekarar ne Inna ta ɗauki adashinta ta ba ni jika 25, wato sefa dubu 25, na sayi babbar salula ta hannu. Ta ce in nemi aiki da ita.

Shekara biyu na yi a Facebook ina neman a san ni, alhali ban san da me za a san ni ba. In sa hotona na ci ado, in kwafo maganar wani da Faransanci in liƙa a ƙasa, abokan fada goma su danna alamar so, shi ke nan. Kuɗin forfe kuma, wato kuɗin intanet ɗin salula, daga aljihun Inna yake fita. Wannan yana damuna har yau in na tuna, domin ita fura take damawa ta sayar.

A Disamban 2018 aka yi bikin Zinder Sabuwa, lokacin da zagayen bikin ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba ya zo kan garinmu, shekara 60 cif da kafa jamhuriyar. Gari ya cika da baƙi, wani basarake ya kawo wa Baba aikin kuben takobi da kayan doki. Wata safiya na fito zan wuce fada, na tarar da shi a bakin zaure, rana ta faɗo a kan hannunsa, yana saƙa siraran zaren fata kore a cikin ja. Ban taɓa tsayawa na kalli aikin nan da idon baƙo ba sai ranar. Na zaro salula.

Ya ɗago kai ya ce, "Kai, me kake yi?"

Na ce, "Baba, aikin nake so in ɗauka."

Ya yi shiru, ya ja zare sau biyu, sannan ya ce, "Fuskata ba za ta shiga akwatin nan ba. Hannu dai, in hannu kake so."

Da wannan sharaɗi muke tafiya har yau. Mutane dubbai sun san hannun mahaifina, sun san tabon da wuƙa ta bar masa a babban yatsa, amma in suka gamu da shi a masallacin Juma'a ba za su gane shi ba.

Bidiyon bai kai minti ɗaya ba. Na yi magana a kansa da Hausar gidanmu, na ce wannan jan daga karan dafi ne da kanwa, fatar ta akuya ce, an jeme ta a nan cikin gari. Na saka bayan Isha'i na kwanta. Da asuba salula ta cika da saƙonni, daga Agadas, daga Kano, daga Abijan. Wanda ba zan manta ba na wani ne da ke aikin gini a Sabha ta Libiya. Muryarsa tana rawa ya ce ya gane zauren, a nan mahaifinsa ya saya masa gafaka ranar da ya yi saukar Alƙur'ani, kuma shekararsa tara bai taka Damagaram ba. Na kunna wa Baba. Ya saurara har ƙarshe, ya tambayi ɗan wane gida ne, na faɗa masa, ya ce, "Na san uban. Allah ya jiƙansa." Ya ci gaba da ɗinki.

Daga nan na fara koyon abin da ba a koya mini a jami'a ba, kuma da kuskure na koye shi. Hasken safiya tsakanin hantsi da walaha ya fi kowace fitila, don haka a lokacin nake ɗauka, bayan na goge idon salula da bakin riga, saboda ƙurar garinmu ba ta barin komai. Bidiyo in ya yi tsawo ba a buɗe shi, domin mai kallona lissafin forfensa yake yi kamar yadda nake yin nawa. Yawancin masu saye ba su karanta boko sosai, murya suke so, sai na koma amsa kowa da murya, ko da gaisuwa kawai ya aiko. Na sa suna iri ɗaya a Facebook da WhatsApp, daga baya har TikTok, don kada mai nemana ya ɓata. Na kuma tsayar wa kaina kwana uku a mako, ko ina da lafiya ko ba ni da ita sai na saka wani abu. Akwai watannin da ba a sayi ko laya ɗaya ba, na ci gaba da sakawa.

Rubutun Hausa ma sai da na sake koyo. Mu da muka yi lakkal da Faransanci, yadda kunnenmu ya ji muke rubutawa: a sa "ou" a wurin "u", a sa "tch" a wurin "c". Mutanen Kano da Katsina suka riƙa cewa ba sa gane rubutuna. Da farko na ji haushi, daga baya na ga gaskiyarsu, don ba a yi wa mai saye gardama a kan abin da idonsa ya kasa karantawa. Na nemi wani malamin makarantar gwaji mai koyar da Hausa, ya zaunar da ni ya nuna mini ƙa'ida, da haruffa masu lanƙwasa, da bambancin ƴ da muke rubutawa a Nijar da 'y da ake rubutawa a Najeriya. Lafazina kam ban taɓa shi ba. Na Damagaram ne, kuma shi ne ke sa wanda ke Libiya ya tsaya ya saurara. Da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, na tuna da malamin nan, na je har gida na gaishe shi.

Masu kallo su suka ja ni zuwa tarihi. In na nuna kube, sai a tambayi takobin wa. In na nuna bangon wani gida a Zongo, sai a ce wa ya gina. Na fara bin tsofaffi, ina kuma karanta abin da na samu. Na yi magana a kan Sarki Tanimu da ganuwar da ya kewaye Birni da ita da igwoyin da aka ƙera a zamaninsa, da Malam Yaro babban attajirin Zongo, da ayarin raƙuma da ke kwasar jemammiyar fata su keta hamada zuwa Tarabulus, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko alhali daga ƙasar Hausa ta fito. Wannan na ƙarshe ya taɓa Baba ƙwarai. Ya ce ashe tun kakanni ake sayar da aikinmu da sunan wasu.

Wata rana na yi kuskure babba. Na ce a zamanin Tanimu aka kashe wani hafsan sojan Faransa mai suna Kazamaju. Washegari wani tsohon malamin lakkal mai ritaya ya zo har zaure da sandarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, Tanimu ya rasu a 1884. Kazamaju kuwa a 1898 aka kashe shi, zamanin Amadu Kuran Daga, shekara ɗaya kafin yaƙin Tirmini da aka yi da Faransawa. Yaran da ke kallonka ba za su je su bincika ba, abin da ka faɗa shi za su riƙe." Na ce, "Malam, na gode, a yafe mini." Abokaina suka ce in goge bidiyon in yi shiru, ba wanda zai lura. Ban goge ba. Na yi wani na ce jiya na yi kuskure, ga daidai. Tun daga ranar, in zan faɗi shekara, ko da wadda kowa ya sani ce kamar 1926 da aka mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, sai na tabbatar a wuri biyu.

Ciniki ya fara shigowa a hankali. Mai so ya aiko da rabin kuɗi ta Nita ko Amana, kamfanonin aika kuɗi, mu yi aiki, in ɗaure kaya in kai tasha, in ɗauki hoton takardar in aika masa. Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce, kaya su kwana a hanya su isa. Na Kano kuwa direbobin hanyar Matamaye da Daura nake ba. Ko dala ɗaya ban taɓa karɓa daga kamfanonin da suka mallaki su Facebook da TikTok ba. Abin da ke shigowa daga fata yake shigowa, kuma ina so samarin da ke tunanin yawan mabiya shi ne albashi su ji wannan da kyau.

Da aiki ya fi ƙarfin Baba, muka fara raba wa sauran dukawan unguwa. A nan wata magana ta taso. Ƙanin Baba ya kira ni gefe ya ce, "Kai ake sani, kai ake yaba wa, mu kuwa da muke huda yatsu ba a san da mu ba. Wannan da abin da ka faɗa na Maroko mene ne bambancinsu?" Maganar ta soke ni, domin ba ni da amsa. Na ce, "Kawu, gaskiya ka faɗa." Daga ranar, duk abin da na nuna sai na faɗi hannun da ya yi shi, in mai shi ya yarda, kuma kuɗin da aka saya a gabansa nake faɗa, ya san nawa ne nasa, nawa ne ladan wahalata. Majema ma na je na ɗauki aikinsu, daga jiƙa fata da cire gashi har zuwa dakan bagaruwa da shafa mai, bayan na nemi izininsu. Wasu suka ƙi, na bar su.

Najeriya ta rufe iyakarta a Agustan 2019, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020, rabin masu sayenmu suka yanke. Muna farfaɗowa, a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, aka katse intanet ɗin salula kusan kwana goma. Ina da kayan mutum shida a ɗaure, na rasa yadda zan yi da su, domin wasu a Facebook kawai na san su, ko lambarsu ba ni da ita. Baba ya dube ni ina kai da kawowa ya ce, "Mutumin da ya ba ka kuɗinsa, ba ka san inda za ka same shi ba in akwatin ya mutu?" Ranar da intanet ya dawo na sayi kaye, wato littafin rubutu, mai kauri. Duk wanda ya taɓa sayen ko tandu ne, na rubuta sunansa, garinsa, lambarsa, da abin da ya saya.

Jarrabawa mafi girma ta zo a 2022, saura mako uku Babbar Sallah, lokacin da aikin kayan doki ya fi yawa. Wani ya kira ni da murya mai daɗi, ya ce za a yi baje kolin sana'o'in hannu a Yamai, an zaɓe ni, za a turo mini lambobi shida ta saƙo in karanta masa don a yi mini rajista. Ina tsakar ɗaurin kaya, zuciyata ta yi fari da jin an zaɓe ni, na karanta masa. Lambobin nan mabuɗin WhatsApp ɗina ne. Kafin la'asar an fitar da ni daga asusuna. Ya shiga da sunana da hotunan hannun Baba, ya sanar cewa an yi rangwamen Sallah, duk mai so ya aiko da kuɗi ta wata sabuwar lamba.

Kayen nan ne ya cece ni. Ni da ƙannena biyu muka raba shafuka, muka kwana muna kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, muna cewa kada a tura komai. Duk da haka mutum goma sha ɗaya sun riga sun tura, jimilla jika 340. Na kai ƙara wurin hukuma, na kuma samu na karɓo asusuna bayan kwanaki, amma kuɗi sun tafi.

Abin da na shirya faɗa wa mutanen shi ne: ni ma cutata aka yi, ba ni na karɓa ba, ku yi haƙuri. Kuma a ganina a lokacin ba ƙarya a ciki. Na gaya wa Baba haka da dare a tsakar gida. Ya ce, "Da suka tura kuɗin, wa suka yarda da shi? Ɓarawon?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "Hannun wa suka gani?"

Na yi shiru.

Ya ce, "Shekara hamsin ina zaune a zauren nan, ba wanda ya taɓa biyo ni bashin fata. Kai ka fitar da hannuna duniya, to ka san yadda za ka dawo da shi da tsabta. Wanda ke son kaya a yi masa kaya, wanda ke son kuɗinsa a ba shi."

Na yi kuka a daren nan, ba zan ɓoye ba, domin babur ɗin da na saya da gumina, wanda ƙanina ke kabu-kabu da shi, shi kaɗai ne abin da zan iya sayarwa. Na sayar. Bai isa ba, Baba da Kawu suka yi aikin mutum huɗu ba su karɓi ladan hannu ba. Sai da muka yi wata biyar kafin mu sallami na ƙarshe, wata hajiya a Maraɗi. Ban yi shela da wannan ba a lokacin, kunyar abin ma ta ishe ni. Su mutanen ne suka riƙa faɗa a tsakaninsu, kuma daga cikin goma sha ɗayan nan, tara har yau suna saye a wurinmu. Abin da na yi shela da shi shi ne gargaɗi: duk wanda ya ce ka karanto masa lambobin da suka shigo salularka, ko da muryar ɗan uwanka ya zo, kada ka karanta, kuma ka shiga saitin WhatsApp ka sa lambar sirri ta mataki na biyu tun kafin a zo maka. Duk wata sai na maimaita wannan, ko an gaji da ji.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, cajin salula ma ya zama aiki. Ƙaramin faifan hasken rana na saya na ɗora a kan soro. A lokacin na ga waɗanda muka fara tare sun koma maganar siyasa, mabiyansu suna ninkuwa cikin mako guda. An ba ni shawarar in bi sahu. Ina da ra'ayina kamar kowane ɗan ƙasa, kuma ina faɗin sa a fada. Amma wanda ya zo kallon hannun Baba ba ra'ayina ya zo nema ba, kuma masu sayenmu suna kowane ɓangare, suna kuma ƙasashe biyu. Ga dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka ƙara wa tsanani a 2024. Mai tura abin da bai tabbatar ba yana iya kwana inda bai shirya ba. Na tsaya a kan fata.

Bara idon Baba ya fara rauni. Zaren kore da ja sun daina rabuwa a gare shi, sai da lalube. Wata safiya ya miƙo mini basilla bai ce komai ba, ni ma ban ce komai ba, na zauna a kan buzun da ke gefensa. Ina da shekara talatin da 'yan kai na fara abin da ake farawa a shekara bakwai. Na yi watanni ina ɓata fata kafin in yarda in ɗauki hannuna a bidiyo, kuma da na saka ban faɗi ko hannun wa ne ba. Ba a yi awa ɗaya ba hajiyar nan ta Maraɗi ta aiko da murya: "Wannan ba hannun Baba ba ne, babu tabon. Lafiya yake dai?" Na kai masa salula kunne ya ji. Ya ce in gaya mata yana nan lafiya, yana gaishe ta, yaron ne ke koyo.

Yanzu haka gafaka ce a gabana, ta wani yaro da zai yi sauka a Tawa. Jiya da yamma na gama bakinta na miƙa wa Baba. Ya bi ɗinkin da yatsa tun daga farko, ya zo wani wuri ya tsaya, ya ce huda uku sun karkace, in warware. Na warware. Ranar Alhamis za ta shiga mota.